Hoton Kan Mai Walda

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, da fama da aiki. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena. Na yi ta kiranka da rana, wayarka tana kulle a loka saboda wannan na'urar taku ta ɗaukar hoton kai, in kuma ka kira da yamma sai in kasa faɗin maganar, in ce maka lafiya lau. Shi ya sa na rubuta na ba direban da ke zuwa wajenku.

Yaya, ba na gidana. Ina wajen Gwaggo, ni da 'yata Tsuntsuwa.

Ga abin da ya faru. Babanta ya dawo daga shago ya ajiye gilashin waldarsa a kan tebur. Ka san 'yarka da taɓe-taɓe. Ta ɗauka ta fita tsakar gida wai za ta kalli rana da shi, ya suɓuce mata ya tsage. Ina wanke-wanke na ji muryarsa ta canja. Kafin in tsame hannu daga ruwa ya sunkuci kujerar nan 'yar tsugunno ya maka ta da bango. Ba yarinyar ya nufa ba, wallahi bango ya nufa. Amma kujerar ta dawo ta same ta a goshi. Sai da aka yi mata ɗinki.

Shi ya ɗauke ta a kafaɗa, ba ko takalmi, ya yi ta gudu har asibiti. Kukan da yake yi ya fi nata, har nas ta tambaye ni wane ne mara lafiyar a cikinsu. Wannan shi ne mutumin da nake zaune da shi. Wanda ya jefa kujera da wanda ya yi gudun, duk shi ne, kuma ba na sanin wanne zai shigo mini da yamma. Kafin kujera an yi ƙofar ɗaki, an yi rediyo, farantai kuwa na daina saye masu fashewa. Bai taɓa dukana ba. Amma takunsa kawai nake ji a ƙofar gida in san ko zan yi magana ko zan yi shiru.

Gwaggo ta ce wutar kara ce, yanzu ta ci yanzu ta mutu, in yi haƙuri. Na ce mata wutar kara ma tana ƙona gida.

Abin da nake so ke nan. Zuwanka na ƙarshe ka ba mu labarin binciken da Farfesarku take yi, wai tana neman inda hali yake zaune a cikin ƙwaƙwalwa: mai haƙuri, mai tsoro, mai saurin fushi. Muka yi ta yi maka dariya, Gwaggo ta ce a fara da kanka a ga inda rowa ta yi sheƙa. Yau ba dariya nake yi ba. Ka sa shi a na'urar nan. In wani abu ne a kansa, ƙari ko tabo ko wata jijiya da ta kauce, to ciwo ne, kuma ba a gudun mara lafiya. Zan koma in yi jinyarsa da hannuna. Ina so in san da wa nake faɗa, da shi ko da ciwo.

Ka gaida Anti. Kada ka kira shi kana cikin fushi, don Allah.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ofis, na kasa komawa ciki sai da aka leƙo aka kira ni. Yaya goshin Tsuntsuwa? Ki ce mata kawunta yana gaishe ta.

Ban kira shi ba, kamar yadda kika roƙa. Amma ki sani ban ji daɗi ba, kuma ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Ni na kawo shi gidanmu. Ni na ce wa kowa na san shi, mutumin kirki ne. Ashe a shago na san shi.

Yanzu bari in gaya miki gaskiyar aikinmu, don kada ki ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Da farko, ni ba likita ba ne, a bakin Gwaggo kawai nake likita. Aikina in kwantar da mutum a na'ura, in ɗauki hoto mai kyau. Mutane masu yawa ne suke zuwa da son ransu. Ana yi musu tambayoyi a kan halinsu, sannan su kwanta, a riƙa nuna musu fuskoki, wata a fusace, wata a tsorace, mu kuma muna duba inda jini ya fi kai-komo a ƙwaƙwalwarsu. Sai an tara na ɗaruruwa ake ganin ɗan bambanci tsakanin masu saurin fushi da masu sanyin rai, kuma bambancin siriri ne. Kamar a ce maza sun fi mata tsawo. Gaskiya ne in an tara jama'a. Amma in kika ba ni tsawon mutum ɗaya kika ce in faɗa miki mace ce ko namiji, canka kawai zan yi. Farfesa da kanta takan ce duk wanda ya nuna hoton mutum ɗaya ya ce ga mugun hali nan, to boka ne da farar riga.

Abin da za a iya yi shi ne wannan. Duk wanda ya shiga binciken, likitan hoto yana duba kansa ko akwai ƙari ko wani ciwo. Kuma gaskiya ne, wani lokaci ciwo a gaban ƙwaƙwalwa yakan canja halin mutum. Saboda haka zuwansa ba ɓata lokaci ba ne. Sai dai dole ya zo da ƙafarsa, ba turo shi aka yi ba, kuma sakamakon nasa ne, ba zan gaya miki komai ba sai ya yarda. Sannan da yake mai walda ne, sai an fara yi wa idonsa hoto. Na'urar tana da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, in akwai ɓurɓushin ƙarfe a ido za ta ja shi.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ko me hoton ya nuna, kada ki koma gidan nan yanzu.

Antinki tana gaishe ki, ta ce ɗakin baƙi a share yake.

Yayanki.

*

Yaya,

Salam. Na gode, duk da rabin takardar taka lacca ce.

Baban Tsuntsuwa ya zo gidan Gwaggo jiya, ya tsaya a waje. Tsuntsuwa ta ji muryarsa ta shige bayan labule. Na gaya masa maganar, ban ma kai ƙarshe ba ya ce zai je. Ya ce, "Da ma a sami wani abu a yanke." Ya tambaye ni ko aski ake yi wa mutum kafin a sa shi, na ce ban sani ba.

Zai taho farkon mako. Ka karɓe shi, Yaya. Ba don shi ba.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Ya ba ni izinin in gaya miki komai, don haka ga shi kamar yadda ya faru.

Na tarar da shi a benci kafin a buɗe ofis, ya sa kayansa masu kyau, ya yi aski ƙwal duk da ba wanda ya ce ya yi. Ya miƙo mini hannu. Na daɗe kafin in karɓa, kuma ya lura. Hoton ido ya fito ba komai. Na ce ya zazzage aljihunsa a tire, sai ga kusoshi, ga guntun alli, ga tef ɗin awo, ga wani ɗan ribom na gashin Tsuntsuwa. Ya ce ribom ɗin ai ba ƙarfe ba ne, ko zai iya shiga da shi? Na ce ya shiga da shi.

Na'urar kamar ƙaton bututu take, mutum ya kwanta a tura shi ciki, ga ƙara kamar ana dukan ganga a kunnenka. Ana ba mutum wata 'yar roba ya riƙe, in ya ji ba zai iya ba ya matsa. Ban gama daidaita hoton farko ba ya matsa. Na fito da shi yana zufa, ya ce, "Yaya, wannan ai kabari ne." Mutumin da yake wuni a gaban wuta yana yanka ƙarfe. Na ce masa ba dole, yana iya fasawa. Ya sha ruwa, ya ce a mayar da shi. Bai sake motsi ba har aka gama. Ina kallonsa ta gilashi.

Washegari likitan hoto ya kira shi, ya ce in zauna tunda ya yarda. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya a allo. Babu ƙari. Babu tabo. Babu jinin da ya taɓa zuba. Likitan yana murmushi ya ce, "Malam, barka, kanka lafiya lau."

Ban taɓa ganin wanda aka yi wa albishir ya yi irin wannan fuskar ba. Ya ce a sake dubawa. Aka sake. Ya sa yatsa a kan wani ɗan duhu ya ce wannan fa? Aka ce masa ruwa ne, kowa yana da shi. Can ya ce, "To, ni ne ke nan."

Farfesa tana wucewa ta ji, ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ya tambaye ta kai tsaye, a hoton fuskokin nan, an ga fushin? Ta ce nasa yana cikin na sauran mutane, akwai masu sanyin rai da yawa da nasu ya fi nasa tashi. Ta ce ba ta san abin da ya sa wani yake jefa kujera wani yake haɗiyewa ba, da ta sani da ta rufe binciken ta tafi gida. Amma ta ce ƙwaƙwalwa tana koyo, kamar yadda hannunsa ya yi kanta saboda aiki. Ta haɗa shi da wata malama a asibitin garinku da ke koya wa masu irin wannan matsala yadda za su kama kansu. Ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihu. Ban san ko zai je ba.

Na raka shi tasha. Da zai hau mota ya ce in gaya miki ya yi ƙoƙari ya kawo miki ciwo, bai samu ba.

Na san ba wannan kike jira ba. Ki yi haƙuri.

Yayanki.

*

Yaya,

Salam. Na daɗe ban amsa ba, ban san me zan ce ba ne.

Ka san abin da nake roƙon Allah tun ranar da ya tafi wajenku? Ya sa a sami ƙari a kan mijina. Wace irin mace ce ke wannan addu'ar? Da takardarka ta zo na karanta wa Gwaggo, ta ce alhamdulillahi, tunda lafiyarsa ƙalau sai ki tattara ki koma. Na ce Gwaggo, ai lafiyar ita ce matsalar. Ta dube ni kamar ni ya kamata a sa a na'urar.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Tsuntsuwa ce.

Ka san ajinta yana kusa da wanda nake koyarwa. Shekaranjiya ina tsakiyar darasi na ji ihu. Wata yarinya ce ta taɓa mata tabon goshi tana tsokanarta, ita kuwa ta ɗauki akwatin fensir ta jefe ta da shi, ta bi ta ture ta a kan benci. Da na shiga na tarar da ita a tsaye tana huci, haƙoranta a cije, jijiyar wuyanta ta tashi. Yaya, fuskarsa ce. Ba kama ba, ita ce.

Ban san lokacin da na damƙi kafaɗunta ba. Na girgiza ta, na girgiza ta, ina cewa ba za ki zama shi ba, kin ji ko, ba za ki zama shi ba. Sai da malamar ajin ta riƙe mini hannu. Yaran duka suna kallona. Da yamma da nake yi mata wanka na ga shatin yatsuna a jikinta. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

To ni kuma wa zai ɗauki hoton kaina?

Ina so in kawo ta. Na san abin da za ka ce, na ji laccar tsawon maza da mata. Amma ita ƙarama ce, wataƙila a nata a gani tun bai yi ƙarfi ba. In a jini yake, gara in sani yanzu. Ba na barci sosai, ina kallonta tana cin abinci ina neman babanta a yadda take riƙe cokali.

Ka taimake ni.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ba zan sa ta ba. Binciken na manya ne, amma ko da ana karɓar yara ba zan sa ta ba. Babu abin da na'urar za ta gaya miki game da gobenta. Abin da kawai yarinyar za ta koya shi ne uwarta tana zargin akwai wani mugun abu a cikin kanta, kuma wannan ba zai goge ba.

Kin tambaye ni ko a jini yake. Abin da na ji a bakin masu binciken, wani abu na hali ana gadonsa, wani kuma gida ne da abin da ido ya gani, kuma ba wanda ya iya raba su a kan mutum ɗaya. Yarinyar da kujera ta fasa wa goshi, aka kuma taɓa mata wurin ana dariya, ba sai an nemi jini ba kafin a gane dalilin jifanta.

Ke ma ki je wajen malamar nan ta asibiti, ki tafi da yarinyar. Ba don ke da shi ɗaya ba ne. Don kin gaji ne, kuma kina ɗauke da abin ke kaɗai.

Na haɗo miki wata takarda da ta zo mini jiya daga mijinki. Ya ce in nuna miki in na ga ya dace. Na yi ta juya abin, na ga ba ni da ikon ɓoye miki.

Yayanki.

*

Yaya Likita,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Na dama yana cikin filasta.

Ina zuwa wajen malamar. Ta ce kafin abin ya zo akwai alama, in nemi tawa. Na nema na samu. Kunnuwana ne suke ɗaukar zafi, sai in ji kamar an toshe su. Ta ce da na ji haka in ajiye abin da ke hannuna in fita, in yi ta jan numfashi. Na yi sau da yawa ya yi aiki. Har na fara jin daɗi.

Ranar nan wani ya zo karɓar ƙofa. Ya ce ba haka ya ce a yi ba, alhali haka ya ce. Na ƙyale shi. Ya ce ai ba mamaki, mutumin da ya fasa kan 'yarsa ina zai iya ƙofa. A gaban mutane ya faɗa. Kunnuwana suka ɗauka. Guduma tana hannuna. Na ajiye ta, Yaya, wallahi na ajiye. Amma ƙafata ta ƙi fita. Sai na naushi ƙofar. Ƙashi biyu ya karye.

Ban taɓa shi ba. Malama ta ce wannan ma wani abu ne. Ni ban sani ba. Na dai san da a gida ne, da akwai wanda ke tsaye kusa da ƙofar.

Babana haka yake. Mukan gane shi tun daga yadda ya jingina keke. Na rantse ba zan zama shi ba, ga ni. Da aka ce babu komai a kaina na ji kamar an ƙwace mini sanda. Yanzu ba ni da wanda zan nuna sai ni.

Na kwashe kayana na koma shago. Gidan yana nan in tana so, ba zan shiga ba. Ba na ce ta dawo ba. In na ce ta dawo yanzu, ƙarya zan yi mata. Ina so dai in riƙa ganin yarinyar, ko daga nesa, in ta yarda.

Zan ci gaba da zuwa wajen malamar. Ka gaida Farfesa. Ka ce mata in ta gano wani abu nan gaba, ko ba zai amfane ni ba, ina so in ji.

Na gode da ka karɓi hannuna.

Mai walda.

*

Yaya,

Salam. Na karanta duka biyun. Mun fara zuwa wajen malamar, ni da Tsuntsuwa.

Ban koma gidan ba. Na kama ɗaki a saman bene kusa da makaranta. Gwaggo ta yi fushi, ta kuma ba ni tukwane.

Ƙofar ɗakin ba ta da sakata mai kyau. Ban san wanda ya gaya wa babanta ba, jiya da la'asar sai ga shi da wata mai kauri a leda. Ya tsaya a bakin ƙofa har sai da na ce ya shigo. Da hannu ɗaya ba zai iya ba, ni na riƙe masa sakatar yana ɗaurawa. Tsuntsuwa tana kan gado tana kallonsa. Ba ta zo ba, ba ta kuma ɓuya ba.

Da ya gama ya fita waje, ya ce in rufe ta ciki ya gwada. Na rufe. Ya tura da kafaɗa, ya sake turawa da ƙarfi. Ba ta motsa ba. Ya ce, "Ta yi." Muka tsaya haka, shi a waje, ni a ciki, hannuna a kan sakatar. Can na ji takunsa yana sauka.

Ban buɗe ba, Yaya. Kada ka tambaye ni sai yaushe.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka.